Bakin da Ya Zuga Rwang

Wanda duk ya yi zaman Landan a 1976 ba zai manta zafin da aka sha ba. Ciyawa ta bushe ƙamas, Turawa suka yi ta tuɓe riguna a bainar jama'a ba kunya ba tsoron Allah, mutanenmu kuwa suna wuce su da babbar riga suna dariya. A cikin wannan zafin ne Rwang ya sauka a gidan Dokta Maharazu da ke Edmonton, shi da matarsa Chundung da 'yarsu Tabitha, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Abotar Maharazu da Rwang ta makarantar kwana ce a Jos. Maharazu ɗan firit ne tun yana yaro, ga baki, ga tsokana, ga rashin ƙarfin tare faɗan da bakinsa ya jawo. Rwang kuwa Allah ya yi masa jiki, ya rage masa magana. Sai suka raba aiki: Rwang ya tare masa faɗa, shi kuma ya biya da baki. Ranar kokawar makaranta, da Maharazu ya hau benci ya soma yi masa kirari, to bayan Rwang ba ya taɓa ƙasa. An taɓa yin wata shekara da kafaɗarsa ta goce ana tsakiyar kokawa, bai saki ba har ya kayar da abokin karonsa, don kawai Maharazu bai yi shiru ba.

Da kuɗin mai suka zo, gwamnati ta shiga watsa yara karatu ko'ina a duniya. Maharazu ya taho Landan ya zama likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Rwang aka tura Amurka ya koyo haƙar ma'adinai, can wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi a layin cin abinci, shi ke nan ma'adinai suka rasa mai haƙo su. Ƙwallon ƙafa Amurkawa ke kiran wasan, amma wanda ya raɗa sunan bai yi wa ƙafa adalci ba. Ƙattai ne ke sa hular kwano, su durƙusa layi biyu suna fuskantar juna, a busa usur, su yi karo da ka kamar raguna. Rwang na cikin masu karon, kuma ya kai inda wasan ya zama sana'arsa, wata babbar ƙungiya ke biyansa.

Kowace shekara in an tashi hutu yakan biyo ta Landan kafin ya koma sansanin horo. Bara da ya zo, Maharazu ya lura da abubuwa. Ya ga abokinsa na sa baƙin tabarau a cikin ɗaki. Ya ji ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa sau uku a zama ɗaya, alhali shi Rwang da kansa ya aiko masa da ta'aziyyarta. Maharazu ya gani da idon likita, ya kawar da kai da idon aboki, ya ce gajiyar hanya ce. Abin ya tsaya masa a rai shekara guda, kuma ya san ba gajiya ba ce.

Bana Chundung ba ta bar shi ya kawar da kai ba. Ta same shi a kicin da safe yana haɗa shayi, ta ja ƙofa ta rufe.

"Yaya Likita, mijina ba lafiya."

"Subhanallahi. Me ke damunsa?"

"Kai ma ka sani, na ga yadda kake kallonsa." Ta sassauta murya. "Ya fita sayen madara, sai 'yan sanda suka dawo mini da shi, ya manta layinmu. Rannan Tabitha tana kuka, ya daki ƙofa da hannu har ta tsage, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka shi ma. Rwang fa, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. A wasan bara sau huɗu ana fitar da shi bai san inda yake ba, kuma duk a ranar ake mayar da shi."

"Likitocinsu fa?"

"Na ƙungiya ne, ba nasa ba. Na yi magana har na gaji, ya ce mace ba ta san wasa ba. Amma kai in ka ce ya bari, zai bari. Duk duniya maganarka kaɗai yake ji."

Maharazu ya yi mata alkawari. Ya faɗa da ƙarfin zuciya kuwa, irin na wanda bai riga ya kai bakin kogin ba.

Akwai wani ɗan asibiti a Marylebone inda yake zama wasu ranaku, inda sababbin masu kuɗinmu ke zuwa a auna musu hawan jini su wuce kanti. Nan ya kai Rwang. Ya haska masa ido, ya sa shi tafiya a kan layi, ya faɗa masa sunayen abubuwa ya ce ya riƙe, can ya tambaye shi. Rwang ya kawo ɗaya, ya yi dariya ya ce sauran sun bi iska. Da ya miƙa hannuwa, na dama yana ɗan rawa.

"In aka buge ka a fili, me suke yi maka?" Maharazu ya tambaya.

"Su shaƙa maka wani abu mai yaji a hanci, ka farfaɗo. Likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne." Rwang ya yi murmushi. "Kullum biyu yake ɗagawa, kowa ya sani. Ko ba ka gani, ka ce biyu, sai ya daki bayanka ya ce koma."

"In ka ce ba za ka koma ba fa?"

"Akwai yaro a benci yana jiran wurinka. Kuma a can ma namiji ba ya cewa kansa na ciwo, kamar gida."

Maharazu bai yi dariya ba. A babban asibitin da yake aiki akwai tsofaffin 'yan damben Turawa da ake kawowa, wasu ba su kai hamsin ba, harshe ya yi nauyi, ƙafa na ja, sai matansu sun ɗaura musu takalmi. Ya san da me ciwon nasu ya fara, kuma shi ne yake gani zaune a gabansa.

A lokacin an shigo da wata sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton cikin kai, ana ta yayinta. Maharazu ya yi ƙoƙari ya samar wa abokinsa wuri. A hanyar komawa, cikin jirgin ƙasa, Rwang ya cire tabarau ya dube shi.

"Maharazu, ni ban san komai a kan kai ba sai karo da shi. Abin da ka ce shi zan yi. In ka ce in zauna, sai in yi musu waya in ce na yi retire, in koma Jos in nemi aiki. Na ma fara tunanin hakan."

Da Maharazu ya buɗe baki a nan, da labarin ya ƙare. Amma likita ne, ya ce a bari hoto ya fito tukuna.

Hoto ya fito bai nuna komai ba. Maharazu ya san haka za a yi, na'urar tana ganin jini da ƙari ne, ba ta ganin irin wannan ɓarnar da ke taruwa kaɗan-kaɗan. Ya dawo gida da niyyar ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce, "Hoton bai nuna komai ba," yana shirin ya ce amma, sai Rwang ya sungume shi sama kamar yaro yana ta godiya ga Allah. Chundung na tsaye a bakin ƙofa tana kallon Maharazu. Ya yi mata alama da hannu, wai ta dakata. Ya ce a ransa ba a zuba wa mutum ruwan sanyi yana tsakiyar murna, bari a gama walimar ran Lahadi, su zauna su biyu. Ranar Litinin ce tafiyar.

Walimar kuwa al'ada ce ta kowace shekara. Karimatu, matar Maharazu, ta tuƙa tuwon semo, ta yi miyar kuka da kukar da aka kawo mata daga Kano. 'Yan Arewa suka cika gidan, ɗalibai da ma'aikata, Musulmi da Kirista, har kan matakala. Babban baƙo shi ne Alhaji Nata'ala, ɗan kwangilar siminti, wanda ya zo Landan a duba masa ido ya zarce da sayen mota. Mutum ne mai son a yi harka, muryarsa kuma ba ta san ɗaki ƙarami ba.

Bayan la'asar aka ja labule, aka kafa majigi a jikin bango, aka sa fim ɗin wasannin Rwang da ya zo da shi. Ba sauti, sai ƙarar injin. Ga Rwang nan da lamba a ƙirji, ya sunkuyar da kai ya ɗauke wani ƙato, ɗakin ya ɗauki ihu. Ga shi kuma an haɗu masa mutum biyu, hular wani ta same shi a gefen kunne, ya faɗi, ya tashi, ya nufi wajen abokan hamayya, sai da wani ya juyo da shi. Mutane suka fashe da dariya.

Shi Rwang yana zaune a lungu da tabarau, hannu a goshi, hasken majigin na damunsa. Bai yi ihu ba ko sau ɗaya.

"Wai ni gwarzon namu lafiya?" in ji Alhaji Nata'ala. "Na ji ana ƙishin-ƙishin wai zai ajiye."

"Ina dai tunani, Alhaji," in ji Rwang a hankali.

"Tunanin me? Ɗan Najeriya ɗaya tilo yana taka Amurkawa, ka ce tunani? Dokta, an ce an yi masa hoto, me aka gani?"

"Hoton dai bai nuna komai ba," in ji Maharazu.

"To, shi ke nan! Kasala ce kawai, kuma maganinta na bakinka. An ce mini kai ne marokinsa tun kuna yara. Tashi ka wasa mana shi!"

Ɗaki ya ɗauka. "Dokta! Dokta!" Wani ya jawo tire ya soma kiɗa da cokali. Maharazu ya ce a yi masa haƙuri, maƙogwaronsa ba daɗi. Karimatu ma ta ce a ƙyale shi. Ina! Alhaji ya kama hannunsa ya miƙar da shi tsaye, ya ce mai gida ba ya kunyata baƙonsa a gaban jama'a.

Nan fa ake yin ta. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai sai ya ƙi. Amma a ce a yi wa amininka kirari a gaban mutane ka noƙe, ka tona masa asiri ke nan, ka ce ya ƙare. Gobe duk Landan za a ce Dokta ya ga wani abu a kan Rwang. Maharazu ya ce a ransa bari ya yi kaɗan, baiti ɗaya na fita kunya, ai kirari ba takardar likita ba ce. Kuma a faɗi gaskiya, akwai wani abu ban da kara. Shekara da shekaru yana magana ƙasa-ƙasa a gaban manyan likitocin Turawa, yana haɗiye rabin abin da ke bakinsa. Ga ɗaki cike da mutanensa suna kiran sunansa. Ya ji daɗi, kuma wannan jin daɗin ne bai taɓa yafe wa kansa ba.

Ya gyara tsayuwa ya ɗaga hannu.

"Fa na kan tudu, ɗan mutan Jos! Ruwa ya dake ka, rana ta dake ka, kana nan inda aka bar ka! Guduma mai ladabtar da ƙarfe! Kowa ya yi karo da kai, uwarsa ta dafa ruwan zafi! Na Chundung, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne!"

Baiti ɗaya ya zama biyar. Bakin ya tuna aikinsa, kalmomi na zuwa tun bai neme su ba. Mata suka rangaɗa guɗa, har maƙwabciyarsu Baturiya ta buga bango. Yana cikin yi ya ga Rwang ya sauke hannu daga goshi. Ya ga ya cire tabarau. Ya ga ƙirjin nan ya buɗe, kafaɗu sun tashi, daidai yadda suke tashi a filin makaranta. Rwang ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fitila, ya daki ƙirji ya yi wata irin kururuwa.

"Gobe zan tafi! Wallahi bana sai sun san an zo!"

Aka rufe shi da tafi. Maharazu ya waiwaya neman Chundung, ya ga ta ɗauki Tabitha ta shige ɗaki.

Bayan an watse ya so ya ja abokinsa gefe, amma Alhaji ya tafi da Rwang otal ɗinsa wai ya gaisa da wasu manya. Karimatu na wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba ta ce, "Likita, ka kyauta."

Da safe motar haya ta zo kai su filin jirgi. Ana loda akwatuna, Rwang ya riƙo hannun Maharazu suka ɗan matsa gefen titi.

"Na gode, abokina. Ka san Allah, tsoro nake ji da na zo. Wani lokaci ina cikin fili sai in ji kamar an kashe fitila a kaina. Na ce in Maharazu ya ga wani abu, ba zai ɓoye mini ba. Da na ji ka jiya, na ce to, likita da kansa ya tashi ya wasa ni, me ya rage?"

Ga ƙofa a buɗe, har da mai riƙe masa ita. Maharazu ya dubi akwatunan, ya dubi direba na duba agogo. Ya tuna ba a yi wa matafiyi mugun baki, kar wani abu ya faru a ce kai ka jawo. Ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Karin magana dai ba ta ƙarewa a wurin wanda ke neman maɓoya. Ya ce a ransa zai yi masa waya in sun sauka, a nutse.

"Ka dai riƙa kula da kan nan," ya ce. "Allah ya tsare hanya."

Chundung ta yi sallama da Karimatu, ta rungume ta. Da ta zo gabansa ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba, ta ce, "Mun gode da abinci," ta shiga mota.

Ya yi wayar kuwa, sau biyu. Na farko aka ce Rwang na sansani, ba a haɗa su da kowa. Na biyu ya same shi cikin murna an ci wasa, suka yi ta raha, ya ajiye bai faɗa ba. Daga nan ya daina bugawa. Ya rame. Ya riƙa kauce wa ɗakin da ake ganin tsofaffin 'yan damben nan, yana musanya ranar aiki da wani. In ya idar da salla sai ya roƙa wa Rwang tsari, yana roƙon yana jin kunyar Wanda yake roƙo, don ya san an ba shi abin tsarin a hannu ya mayar aljihu.

Cikin Disamba, wata rana da yamma yana Marylebone, ya sallami mara lafiya ke nan, sakatariya ta ce ana nemansa daga Amurka. Chundung ce. Muryarta a daidaite take, ba kuka, kuma wannan ya fi kukan tayar masa da hankali.

Ta ce makonni uku da suka wuce an buge shi tun farkon wasa. An shaƙa masa abin, an mayar da shi, aka sake buge shi. Ya yi kwanaki a asibiti bai farka ba. Yanzu yana gida, yana ci, yana tafiya, ya san ta, ya san Jos, ya san komai na da. Amma sabon abu ba ya zama a kansa. Ƙungiya ta sallame shi, an faɗa masa, ya manta. Kullum da safe sai ya haɗa jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa, wai a kai shi fili. In ta hana, ya yi ta fasa kaya, yana cewa likitansa na Landan ya ce lafiyarsa ƙalau.

"Ga shi nan," ta ce. "Ka yi masa magana."

Aka yi 'yar ƙara a layin, sai ga muryar, da fara'arta, harshen ya ɗan yi nauyi.

"Maharazu! Yauwa. Don Allah gaya wa matar nan, ta kulle ƙofa ta ɓoye makulli. Zan makara."

Maharazu ya riƙe bakin tebur. Ya faɗa. Duk abin da ya kamata ya faɗa a jirgin ƙasa, da falo, da gefen titi, ya faɗe shi yanzu tiryan-tiryan. Ya ce hoton ba ya ganin irin ciwonsa. Ya ce tun bara ya gani ya yi shiru. Ya ce kansa ya ji rauni, kuma kowane karo ƙara shi yake. Hawaye na zuba a kan rigarsa ta aiki, bai share ba.

"Rwang, ka bari. Kar ka sake shiga filin nan. Ni na ce."



"To," in ji Rwang, a sanyaye. "Tunda kai ka ce, na bari. Bari in ajiye jakar."

Maharazu ya ji an ajiye wani abu mai nauyi a ƙasa, ya ji takun ƙafa na nisa. Sauƙin abin ne ya kusa kashe shi. Kalma ɗaya, ba musu, ba gardama.

Chundung ta karɓi wayar.

"Ya zauna," ta ce. "Zai yi shiru har zuwa rana. Kafin gobe ya manta."

"Chundung, ki yafe mini. Ni ne..."

"Ba shi na kira ka ba, Yaya Likita. Wace lamba zan same ka ranar Asabar da Lahadi? Kullum da safe yake haɗa jakar. Gobe war haka zan bugo, sai ka sake faɗa masa."

Ya ba ta lambar gida. Ta maimaita, ta ce daidai ne, ta ajiye.